Kunamar Bindigar Fakhruddeen

Abakpa, Inugu
Litinin, cikin watan Shawwal

Zuwa ga jikana Fakhruddeen, a Fatakwal.

Aminci ya tabbata gare ka da mutanen gidanka. Yau Litinin na tashi da sauƙi, alhamdu lillahi. Gwiwar hagu ce kawai take tsiyarta tun da ruwan bana ya sauka, sai tarin asuba wanda mun saba da juna. Ido yana gani in akwai tabarau. Kunne kuwa ya yi ritaya kamar mai shi, saboda haka ka daina kirana a waya muna ta "me ka ce?" har maƙwabta su san abin da muke ciki. Takarda ta fi. Gimba, direban da yake kai albasa Fatakwal daga kasuwar Artisan, ya ce zai riƙa ɗaukar mana.

Na ji an cire ka daga kaki an mai da kai ɗan sandan ciki, kana yawo cikin kaftani da hula kamar mai canjin kuɗi. Allah ya sa alheri. Da wana Malam Idrisu, kakanka, yana raye, da ya yi dariya, don ya san kai ne yaron da akuya ta taɓa kora har cikin ɗakin girki.

Ka gaishe mini da amaryata Siddiƙa, ka gaya mata har yanzu ina nan ina jira ta gaji da kai. Ka shafa mini kan Mubina, wadda ban taɓa gani ba sai a hoto.

Wancan watan Bubayero ya zo duba ni. Ban sani ba ko kana tuna shi: ɗan ƙanwar matata Indo ne, Allah ya ji ƙanta, yana gyaran keken ɗinki da kwaɗo a gefen babbar kasuwar Anaca. Ya tarar da agogon bangona ya tsaya tun rasuwarta, ya kwance shi a kan tabarma, kafin la'asar yana tafiya. Hannun mutumin nan da albarka yake, ban ga ƙarfen da ya gagare shi ba. In aiki ya kai ka Anaca ka neme shi, ka ce ni na aiko ka. Mu kaɗan ne muka rage a ƙasar nan, bai kamata ku zauna ba ku san juna ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗakin nan ya yi mini girma. Ina so ku zo mini Babbar Sallah, kai da Siddiƙa da yarinyar, ko kwana ɗaya ne. Ba na cewa ita ce ta ƙarshe, don likita ya hana ni irin wannan magana, amma dai ku zo.

Kakanka,
Datti

*

Fatakwal
Asabar

Zuwa ga Kaka Datti, ango marar amarya.

Bayan gaisuwa da tambayar jiki, takardarka ta iso tana warin albasa, mun karanta ta mu biyu. Siddiƙa ta ce in gaya maka ta yarda, amma sai ka fara sa haƙora. Mubina tana lafiya, yanzu ba ta da aiki sai jiran dawowata, da ta ji motsin ƙofa sai ta kwaso da gudu ta rungume ni a ƙugu. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar.

Maganar Sallah kuwa an gama. Na riga na nemi hutu, Oga ya ce ba matsala. Za mu kwana biyu ma, ka tanadi labarai.

Aiki da daɗi, sai abu ɗaya da ya dame ni. Da aka mai da ni ɓangaren nan an ba ni ƙaramar bindiga, fistol, irin wadda ake ɓoyewa a jiki. Gidanta na fata yana turo riga, kowa ya kalle ni ya san abin da nake ɗauke da shi, don haka nake soke ta a ƙugu, mazagin wando ya riƙe ta, kaftani ya rufe. To, kunamarta tauri gare ta kamar famfon da ya yi tsatsa. Ba ta da makulli a gefe irin na wasu, ja kawai ake yi, amma kafin ka ja ta har ƙarshe hannu ya karkace. Ranar gwajin harbi na zubar da mutuncin gidanmu. Allon yana can, harsashina yana can wajen bishiyar ayaba. Abokan aiki suna ta kirana manomi, wai na zo feshin gona. Na yi wa sajan mai kula da ɗakin makamai magana, ya ce haka aka ƙera ta, in je in ƙara cin garri.

Da na karanta abin da ka rubuta a kan Bubayero sai na ce ka ga tsoho ya warware mini matsala bai sani ba. Mako mai zuwa za mu raka wata takarda Anaca. Zan kai masa ita ya ɗan goge cikinta ta yi laushi. Wanda ya tayar da agogon Kaka Indo, kunama ba za ta gagare shi ba.

Jikanka, kuma mai riƙe maka mata,
Fakhruddeen

*

Abakpa, Inugu
Laraba

Zuwa ga Fakhruddeen.

Sallama da gaisuwa. Jiki da sauƙi, sai dai takardarka ta hana ni cin abincin rana. Ina rubuta wannan da sauri don Gimba yana lodi.

Kada ka kai libarbar nan da kake kira fistol wurin Bubayero. Na ce ka je ka gaishe shi. Ban ce ka kai masa kayan gwamnati ba.

Ka san aikin da na yi har na tsufa, tafinta ne a kotu, ina tsaye tsakanin majistare da mutanenmu waɗanda ba sa jin Turanci. Bari in gaya maka yadda abin yake tafiya. Bindigar nan ba taka ba ce, aro aka ba ka, da lambarta da sunanka a rubuce. Wanda aka yarda ya buɗe cikinta shi ne sajan ɗin nan da ya ce ka ci garri. Bubayero ba shi da lasisin taɓa bindiga, ko riƙe ta a shagonsa laifi ne a kansa. In kuma wata rana, Allah ya kiyaye, ka harbi mutum a bakin aiki, ko da kai ne da gaskiya, za a ɗauki bindigar a kai wa masana su duba. Da sun ga wurin da magagari ya ci, lauyan wancan ɓangaren ya samu abin da yake nema. Zai miƙe ya gyara rigarsa ya ce, "Ya mai shari'a, wannan mutum tun kafin ranar ya shirya bindigarsa ta riƙa tashi da wuri." In ka ce kuskure ne, ya ce kai ka ƙera kuskuren. In ka ce da niyya ka harba don kare rai, ya ce ta yaya za a sani, tun da kunamar ko iska ta taɓa ta tashi take. Ofishinku kuma zai zame, ya ce ba haka ya ba ka ita ba.

Na taɓa tsayawa a shari'ar wani mai gadi, mutumin kirki, wanda maƙeri ya sassauta wa kunamar bindigar farauta. Jingine ta ya yi a bango zai yi alwala, ta zame. Abokin gadinsa bai sake taka ƙafarsa ta dama ba. Ni na fassara masa hukuncinsa da bakina, yana kallona kamar ni na yanke.

Bar ma maganar kotu. Kai da kanka ka ce ba ta da makulli. To, taurin nan shi ne makullinta. Waɗanda suka ƙera ta sun san za a sa ta a jiki, a yi gudu da ita, a firgita da ita a hannu. Kai kuwa ka ƙara da naka, ka raba ta da gidanta ka soke ta a wando. Ka lissafa sau nawa Bahaushe yake naɗewa a yini: ka tsuguna alwala, ka yi ruku'u da sujada, ka durƙusa gaida manya, ka zauna a tabarma cin abinci. Duk wannan bakinta yana kallon cinyarka. Turawan da suka ƙera ta a kujera suke zama, duk da haka suka sa mata tauri.

In hannunka yana karkacewa, ka koma filin gwaji ka yi ta harbi har yatsan ya saba. Bishiyar ayaba za ta yafe maka.

Ka ba ni amsa da wuri.

Kakanka,
Datti

*

Fatakwal
Lahadi

Zuwa ga Kaka Datti.

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta saki. Shiru ban ji daga gare ka ba, an ce Gimba ya wuce Arewa ɗauko kaya. Wannan na ba wani direban bas na layin Inugu, Ahmad, ya ce ya san masallacinku.

Albishirinka. Na je Anaca, na sami Bubayero. Mutumin kirki ne ƙwarai, ya rufe shago ya kai ni cin tuwo a wurin wata mata 'yar Zariya, muka yi ta lissafin dangi har muka gano ya taɓa goya mahaifiyata. Da muka koma shago na fito da fistol ɗin, na cire harsasai na ajiye masa a kan tebur. Sai ya ja da baya, ya ce shi keke da kwaɗo ya sani, wannan ba layinsa ba ne, in rufa masa asiri. Na ce masa, "Kaka Datti ne fa ya aiko ni, ya ce babu ƙarfen da ya gagare ka." Sai ya ce in dai Baba Datti ne ya ce, shi wane ne. Ya saki labulen shago, ya yi ta aiki yana gumi. Na yi na yi ya karɓi wani abu, ya ce in na sake maganar zai yi fushi.

Kaka, ka ga aiki. Yanzu kamar ka taɓa man shanu. Na koma filin gwaji, duk harsasaina suka taru wuri ɗaya a tsakiyar allo. Masu kirana manomi suka yi tsit, wani har yana tambaya wane malami ne ya yi mini rubutu. Ban gaya wa kowa ba.

Siddiƙa ta sayi atamfar Sallah, ta ce kalar da ango yake so ta zaɓa. Mubina ta iya cewa "Kaka Inugu". Saura kaɗan ka gan mu.

Jikanka,
Fakhruddeen

*

Abakpa, Inugu
Alhamis, cikin Zulƙida

Zuwa ga Fakhruddeen.

Sallama. Ka tambayi gwiwa, tana nan, amma yau ba ita ce ciwona ba.

Jiya Gimba ya dawo daga Arewa ya zo yana sosa ƙeya. Takardar da na rubuta maka ta je har Sakkwato ta dawo a aljihun motarsa. Ga ta nan na haɗa da wannan, Ahmad zai kawo. Ka fara karanta waccan, sannan ka dawo nan.

Ka karanta? To.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kunamar ba ce. Mutum ya gaya maka gaskiya, ya ce ba layinsa ba ne, sai ka ɗauko sunana ka ɗora masa a ka. Ka san Bubayero ba zai iya cewa a'a ga mijin innarsa ba, ko da rijiya na ce ya shiga. Ni ban taɓa tambayarsa abin da ya fi gyaran agogo ba. Yanzu ga shi ya yi aikin da zai iya rufe masa shago, kyauta, yana ganin biyayya ya yi mini.

Ga abin da za ka yi. Ka cire harsasan, ka sa ta a gidanta, ka kai wa sajan ɗin nan, ka gaya masa an taɓa cikinta. Na san abin da za ka ce, za a tambaye ka wa ya taɓa. Kada ka yi ƙarya, ƙarya a irin wannan wuri ba ta kwana. Kada kuma ka miƙa sunan mutumin da ka tilasta. Ka ce kai ka ɗauke ta da ƙafarka ka kai, wanda ya yi aikin ya ƙi ka matsa masa, laifin naka ne kai za ka ɗauka. In suka nace har abin ya kai ga sammaci, to da ni za a je, tun da sunana aka yi aikin. Na san hanyar kotu, sandata ma ta sani.

Za a hukunta ka, ban ɓoye maka ba. Amma hukuncin wanda ya kawo kansa daban yake da na wanda aka kama bayan jini ya zuba.

Saura magana ɗaya, ita ce mai wuyar rubutawa. Allah ya sani babu abin da nake jira a duniyar nan kamar zuwanku. Amma in bindigar nan tana ƙugunka yadda take, kada ka shigo mini ɗaki. Za ka durƙusa gaishe ni, yarinya tana rataye a wuyanka, ni ina zaune a gabanka. Ban kai shekarun nan don jikana ya harbe ni garin ladabi ba. Kada kuma ka ce za ka bar ta a gida ka zo, ka koma ka ci gaba da soke ta. Ka gyara abin, sannan ka zo.

Amaryata ba ruwanta, ita ƙofa a buɗe take.

Kakanka,
Datti

*

Fatakwal
Asabar

Zuwa ga angona Kaka Datti.

Ina gaisuwa cikin ladabi, ina yi maka sannu da jiki. Ni ce Siddiƙa. Ka yi haƙuri da rubutuna, a nan Fatakwal aka haife ni, Hausar makaranta ba ta zauna mini sosai ba. Na san kana can kana jiran amsa shiru, shi ya sa na ce bari ni in rubuto, tun da jikanka kunya ta hana shi.

Da takardunka biyu suka zo ya karanta mini su yana dariya. Ya ce tsoho ya daɗe a kotu, komai shari'a yake gani. Ya ce shi ya san hannunsa, kuma in ya kai rahoto hutun Sallah ya tafi, gara a bari sai mun dawo daga Inugu. Na ce ai Kaka ya ce kada ka shiga. Ya ce in ka ga Mubina za ka manta. Amma na lura ya daina cin abinci da yawa, yakan ɗauko takardar ya sake dubawa.

Jiya Juma'a ya tafi masallaci. Ba a daɗe ba, ko huɗuba ba a gama ba, na hango shi ta taga yana dawowa a ƙasa. Tafiya yake kamar mai ɗauke da ƙwai a wando, hannu biyu a ƙugu, ƙafa a buɗe. Wani mai okada da ya san shi yana binsa a hankali yana cewa, "Oga, abeg hau in kai ka asibiti," shi kuwa yana girgiza kai. Masu shago suna ta yi masa sannu, wani tsoho har ya ba shi sunan maganin gwaiwa. Ni dai dariya ta kama ni.

Ashe da ya fito daga bayi zai ɗaure wando, bakin mazagi ya shige cikin zoben nan da kunama take ciki, ya naɗe. Ya ɗan ja sai ya ji kunamar tana bin mazagin. Ba dama ya zaro bindigar, ba dama ya ɗaure wandon, ba dama ya sake shi.

Yana turo ƙofa Mubina ta kwaso da gudu yadda ta saba. Kaka, tun da aka haife ta bai taɓa ɗaga mata murya ba. Jiya ya daka mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo. Ta tsaya cak a tsakar ɗaki, hannunta a buɗe, ba ta ma yi kuka ba sai daga baya. A nan dariyata ta tsaya.

Na kai ta ɗakin maƙwabciyarmu Mansura, na dawo da almakashi. Ya ce in tsaya ta bayansa, kada in zo ta gaba. Na zura hannu na yanke mazagin. Da ya zaro ta ya cire harsasan sai ya zauna a ƙasa, wando a gwiwa. Can ya ce da kunamar tana yadda take da, da fizge mazagin kawai zai yi ya shiga sahu.

Ban ce masa ka ga abin da Kaka ya faɗa ba. Na bar maka wannan, na san za ka fi ni iya faɗa.

Mubina ta huce, amma yau da ya shigo ba ta taso ba, daga nesa ta tsaya tana kallonsa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Amaryarka,
Siddiƙa

*

Fatakwal
Talata, farkon Zulhajji

Zuwa ga Kaka Datti.

Ina gaisuwa, ina neman afuwa. Na san Siddiƙa ta riga ta ba ka labari har da ƙari, don haka ba zan maimaita maganar wando ba.

Jiya na kai ta. Sajan ya buɗe ya duba, ya dube ni, ya ce da ya ce in ci garri ba magagari yake nufi ba. Ya kai ni gaban Oga. Na faɗa yadda ka ce, ban ƙara ba ban rage ba. Oga ya tambayi sunan mai aikin sau da yawa. Na ce mutumin ya ƙi, ni na matsa masa da sunan kakana, in akwai hukunci a ɗora mini. Ya ce tun da ni na kawo kaina ba zai kai maganar sama ba, amma rufe bakin da na yi sai na biya shi.

An karɓe fistol ɗin. An mai da ni kaki har sai abin da hali ya yi, kuma ni ne a gadin ƙofar ofis duk kwanakin Sallah. Hutu ya tafi. Na roƙe shi, na ce akwai tsoho a Inugu da yake jirana. Ya ce zai duba, in ya sami wanda zai karɓe ni washegarin Sallah zai sake ni in je in dawo. Bai yi alkawari ba. Na ce Siddiƙa ta taho da Mubina su kaɗai, ta ce ba za ta bar ni in ci Sallah a bakin ƙofa ba mai kawo mini abinci. Ka ga amaryar taka inda ta karkata.

Na kira Bubayero na ba shi haƙuri, na gaya masa ba kai ka aiko ni da bindiga ba. Ya ce tun ranar bai yi barcin kirki ba.

In Allah ya yarda washegarin Sallah kana iya ganinmu. Kada dai ka sa rai da yawa.

Jikanka,
Fakhruddeen

*

Abakpa, Inugu
Kwana biyu bayan Sallah

Zuwa ga jikana Fakhruddeen, mai gadin ƙofa.

Barka da Sallah, kai da Siddiƙa da Mubina, Allah ya maimaita mana. Na je idi a okada, an riƙe ni ta baya kamar buhun gero, na dawo lafiya. Tari ya ragu. Maƙwabta sun aiko da nama fiye da abin da mai haƙori huɗu zai iya yi da shi.

Takardar amaryata na karanta ta har sau uku. Wurin maganin gwaiwa na yi dariya har limaminmu ya leƙo ya ga ko lafiya. Wurin yarinyar kuma na ajiye takardar na ɗan fita waje. Ta ce ta bar mini in faɗa maka ka ga abin da na gaya maka. Ba zan faɗa ba, mazagi ya riga ni.

Abin da ka yi a gaban Oganka ya yi daidai. Kaki ba ciwo ba ne, ka sa shi da kyau. In an mai da maka libarbar wata rana, ka bar ta da taurinta, ka sa ta a gidanta, ka ba tela ya buɗa maka kaftani. Mubina kuwa kada ka kira ta, kada ka saya mata alewa. Ka riƙa shigowa kana zama a ƙasa kawai, da kanta za ta zo.

Ka ce kada in sa rai da yawa. Na ji, amma ban iya ba. Jiya tun da hantsi na sa aka share ɗaki, aka aro mini katifa, na fitar da kujera bakin ƙofa na zauna. Duk okadar da ta rage gudu a kan layinmu sai na gyara hula. Liman ya wuce zai je la'asar ya tambaye ni ina baƙin da nake ta yi wa unguwa shela. Na ce babban cikinsu yana Fatakwal yana gadin ƙofa, kuma ni na tsayar da shi a can. Ya ce to me nake jira a waje. Na ce iska nake sha.

Har aka kira magariba ba ku zo ba. Na shigar da kujerata, na ci naman da ya fi laushi, na bar katifar a shimfiɗe don mai ita bai ce yana sauri ba.

Kakanka,
Datti